'Yan share fage ma a zo a kalle su

Kawuna da ke Nima, ƙanin mahaifiyata, yana da labari ɗaya da ba ya gajiya da bayarwa. Duk wanda ya taɓa zaman shan ataya a ƙofar gidansa ya ji shi, wani ma sau goma. Daren 6 ga Maris 1971 ne, ranar da Ghana ta cika shekara 14 da samun 'yanci, ya saci jiki daga gida ya bi abokansa zuwa dandalin Black Star, inda aka yi babban wasan nan da ake kira Soul to Soul. Wilson Pickett suka je gani, don a lokacin babu saurayin Akra da bai san muryarsa ba. Ike da Tina Turner ma suna wurin. Aka yi ta kiɗa har gari ya waye, ya dawo ya tarar da kakanmu zaune a bakin ƙofa, carbi a hannu ɗaya, bulala a ɗayan.

Amma in ka yi haƙuri ka bar shi ya kai ƙarshe, ba a kan Pickett labarin yake tsayawa ba. A kan wani siririn yaro mai yawan gashi yake tsayawa, wanda ya rufe ido ya sa jita ta yi ta kuka har tsigar jikin Kawu ta tashi. Sunan yaron ma sai daga baya ya sani. Carlos Santana ne, yana da shekara 23, ƙungiyarsa ba ta cika shekara biyu da fitar da faifan farko ba. A Amurka an riga an san shi, a Nima kuwa ba kowa ba. Yau Santana ya doshi tamanin. A 2022 har faɗuwa ya yi a kan dandamali a jihar Michigan saboda zafi da ƙarancin ruwa a jiki, aka ɗauke shi. Masu biyan kuɗi su gan shi yanzu suna neman ragowar abin da Kawu ya tsinta a banza, yana jiran wani.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari shi ne wata ɗabi'a da na daɗe ina gani a gidajen kiɗa a nan Ingila, inda nema ya kawo ni, kuma na san muna da irinta a gida. In an sa wasan kiɗan rok, tikiti ya ce za a buɗe ƙofa ƙarfe bakwai, kowa ya san manyan baƙi ba za su hau ba sai tara. A tsakanin nan akwai yaran da ake turowa su share fage, kamar yadda ake sa ƙananan 'yan dambe su tada ƙura kafin zakaru su shigo. To sai mutane su yi lissafinsu su iso tara saura kwata. A ganina wannan lissafi asara ne ga mai tikitin, kuma asarar ta fi yawa ga kiɗan da yake cewa yana so.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. Na je kallon Tinariwen, Abzinawan nan na arewacin Mali, a wani zaure da zai ci mutum dubu da ɗoriya. Da yake daga wurin aiki na wuce kai tsaye, na riga kusan kowa isa. Yara uku 'yan garin ne suka share fage, mace ɗaya a kan ganguna, maza biyu da jita. Na ƙirga mu da muka tsaya gaban dandamali, ba mu kai arba'in ba. Sauran suna can baya wajen mai sayar da abin sha, sun ba yaran ƙeya, surutunsu yana neman danne lasifika. Minti talatin aka ba su. Ba zan yi ƙarya in ce sun girgiza duniya ba, biyu daga cikin waƙoƙin ma hayaniya ce kawai. Amma yarinyar nan mai ganguna, wallahi hannunta ba na wasa ba ne, kuma akwai waƙa ɗaya da suka sassauta, mai jitar ya riƙa maimaita sauti guda har ya zauna mini a ƙirji. Da suka gama, su da kansu suka naɗe wayoyinsu, suka kinkimi gangunan suka fice ta ƙofar gefe, daidai lokacin da zauren ya fara cika da mutanen da ba su san an yi wani abu ba.

Sai dattawan suka fito. Manyan riguna, rawani har bakin ido, tafiya ba gaggawa kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ibrahim Ag Alhabib ne kawai kansa a buɗe, da gashin nan nasa da kowa ya san shi da shi. Bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba, da ƙyar ma ya ɗaga kai ya dubi jama'a. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya bar ta ta gama maganarta, sannan ya taɓa ta biyu. Mai kaɗa ƙwarya ya shigo, tafi ya biyo baya, muryoyi suka amsa. Turawa masu rubutu a kan kiɗan nan kullum sai su ce tafiyar raƙumi ce. Ni abin da ya faɗo mini a rai lugude ne, mata biyu a kan turmi ɗaya da asuba, kuma ba mamaki, don gangar matan Abzinawa da suke kira tende da turmi ake yin ta, a shimfiɗa masa fatar akuya.

Akwai abin da tsohon makaɗi yake da shi wanda ba a koyo a shekara biyar: ba ya tsoron shiru. Yaro in ya hau dandamali yana so ya cika kowane gurbi da sauti don kada a ce bai iya ba. Dattijo ya san inda zai bari. Sannan akwai nauyin abin da mutum ya ɗauko a bayansa. Ibrahim yana ɗan shekara huɗu sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963. Jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A Tamanrasset ta Aljeriya ƙungiyar ta fara haɗuwa a ƙarshen shekarun 1970, daga nan sai sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, inda waƙoƙinsu suka riƙa yawo a kaset daga hannu zuwa hannu, ba kanti ba rediyo. A 2012 suka ci lambar Grammy da faifansu Tassili, kuma a shekarar nan dai masu bindiga suka kama arewacin Mali suka haramta kiɗa, bikin kiɗan hamada da ake yi a yankin Tumbutu ya tsaya. Duk wannan kana iya karantawa a waya. Amma ka tsaya taku goma daga mutumin, ka ga yatsunsa sun fara tsufa a kan ƙarfen jita, wannan waya ba ta ba ka shi. Don haka kada wani ya ɗauka ina raina kallon tsofaffi. Na fita daga zauren nan ban iya magana ba har na kai tashar bas.

Bayan wasu watanni na je kallon Mdou Moctar a wani wuri da bai kai rabin wancan ba. Shi ɗan jihar Tawa ne a Nijar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, kuma a shekaru ɗa ne a wajen su Ibrahim. Shi ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a ɓoye, don gidansu gidan addini ne ba sa son kiɗa. Dogo ne, bahago, da farar jita. Ya fara a hankali har na ce a raina ai wannan na ji shi a wajen iyayensa. Kai jama'a! Ashe mai gangunan jira yake. Ya fara ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kamar direban da ya fita gari ya ga hanya a buɗe, Mdou ya matso bakin dandamali, yatsunsa suna hawa da sauka a wuyan jitar har ido ba ya iya binsu. Waƙa ɗaya ta kai minti goma. Samarin Turawa masu baƙaƙen riguna, waɗanda suka tashi da su Jimi Hendrix da Van Halen a kunne, suka buɗe baki suna kallo. Kwana biyu kunnena yana ƙara.

Mai karatu, ka san inda ya naɗi faifansa na farko? Sakkwato, a 2008. Sunan faifan Anar, kuma da na'urar nan ta gyaran murya aka yi shi, irin wadda muka sani a waƙoƙin finafinan Kano. A lokacin babu kamfanin da ya sayar da shi. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo, ta bulutut da memori, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa a wayoyin mutane ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙi da ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai ita. Kafin manyan zaurukan Turai, a gidajen biki na Agadas yake kaɗawa, a ƙasa, ƙura na tashi, janareto na kuka. Wato akwai shekarun da duk mai son ganin wannan mutum zai gan shi kyauta, in dai ya yarda ya tsaya.

Da a ce dattawan kawai na gani, da na koma gida ina jin kiɗan jitar hamada abu ne mai kyau da ke shirin tafiya tare da masu shi. Da na ga Mdou sai na gane gidan yana da magada, kuma magadan ba kwafi suke yi ba, sun ɗauki kayan sun nufi wata hanya. Ga Bombino na Agadas, wanda a 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin garin da yardar Sarkin Abzin bayan an kwance ɗamarar tawaye. Ga 'yan matan Les Filles de Illighadad da suka haɗa tende da jita. Kowannensu ya fara ne a gaban mutane kaɗan da suka ba shi kunne.

Kuma ba a hamada kawai ba. Su Tinariwen ɗin da na ga ana cika zaure dominsu, a 2007 su ne 'yan share fagen Rolling Stones a Slane ta ƙasar Ireland. A 1981 kuma, a Los Angeles, wani yaro ya share wa Rolling Stones ɗin fage, 'yan kallo suka yi masa ihu, suka jefe shi da kwalabe da ragowar abinci har ya sauka. Prince ke nan. Shekara uku bayan haka ya fitar da Purple Rain, duniya ta durƙusa masa. Abin dariya, a 2015 Mdou Moctar ya fito a wani fim da aka yi a Agadas a kan tsarin fim ɗin Prince ɗin, da yaren Tamashek, kuma da yake yaren ba shi da kalmar wannan launi sai suka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Ina so in san ko waɗanda suka yi jifa a 1981 suna ba jikokinsu labarin, kuma ta wace fuska suke bayarwa.

Yanzu maganar kuɗi, don nan ne abin ya fi ciwo. A watan Mayu 1993 wasu samari daga Manchester suka kutsa wani ƙaramin gidan kiɗa a Glasgow mai suna King Tut's, wanda ba ya cin fiye da mutum ɗari uku, suka samu aka bar su su fara kafin kowa. Mai kamfanin Creation, Alan McGee, ya zo da wuri a daren, ya ji su, ya ɗauke su. Oasis ke nan. Da suka sanar za su sake haɗuwa su yi wasanni a 2025, mutane sun wuni a layin intanet, tikitin tsayuwa da aka tallata a kan fam ɗari da wani abu ya haura fam 350 kafin wasu su kai gaban layi, har hukuma ta shiga bincike. A ƙasar nan dai, ƙungiyar Music Venue Trust mai kula da ƙananan gidajen kiɗa ta ce a 2023 kaɗai guda 125 sun rufe ko sun daina sa kiɗa. Ka ga mutum zai iya fitar da kuɗin hayar ɗakinsa na sati don ya ji waƙar da ya haddace tun yana makaranta, amma fam goma ta yi masa yawa ya shiga ƙaramin gida ya ji abin da bai taɓa ji ba. In irin King Tut's suka ƙare, a ina za a tsinci na gaba?

Sabon makaɗi ba ya cin abinci da sauraron da ake yi masa a manhajojin waya, abin da ke shigowa daga can bai taka kara ya karya ba. Da tikiti yake rayuwa, da riga da faifan da yake sayarwa a kan tebur bakin ƙofa bayan wasa. Ko wanda ya yi suna ma a kan siraɗi yake. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli 2023, Mdou da abokan kiɗansa suna tsakiyar zagaye a Amurka, aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida, sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu wurin kwana da abinci. To ina ga yara ukun nan da na gani, waɗanda wataƙila kuɗin da aka ba su a daren bai biya man motar da ta kawo gangunan ba?

Mu 'yan Ghana bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, don mun taɓa ganin ƙarshen hanyar. A shekarun 1970 babu babban otal ko gidan rawa a Akra da Kumasi da ba shi da makaɗansa masu kaɗawa kai tsaye. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana yawon dare da ta wuce shekara biyu, ga tsadar rayuwa, ga haraji mai nauyi a kan shigo da kayan kiɗa. Gidajen suka mutu. Makaɗa wasu suka koma majami'u, wasu suka tafi Jamus da Ingila, aka bar fagen wa mai sa faifai da lasifika. Tsofaffin da suka riga suka yi suna sun rayu da sunansu. Waɗanda aka rasa su ne yaran da ya kamata su koyi sana'ar a bayan tsofaffin, a gaban mutane, dare bayan dare. Yau in ka ji wasu yara a Akra sun haɗa ƙungiyar rok, irin Dark Suburb masu rufe fuska da hoton ƙwarangwal, sai ka ga an fi yi musu kallon abin al'ajabi a kan a saya musu tikiti.

Na san abin da wani zai ce: tsofaffin tafiya suke yi, in ban gan su bana ba, baɗi fa? Gaskiya ne. Ranar 5 ga Yuli 2025 Ozzy Osbourne ya yi wasan bankwana da Black Sabbath a filin Villa Park na Birmingham, a zaune a kan kujera don ciwo ya hana shi tsayuwa, kwana 17 bayan haka ya mutu. Namu na gida ma, Osibisa, da suka kafu a Landan a 1969 suka kai kiɗan Ghana cikin rok har duniya ta san shi, duka 'yan Ghana ukun da suka kafa ta sun tafi: Mac Tontoh a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei a watan Janairu 2025. Ban taɓa ganinsu a kan dandamali ba, kuma ina jin zafin haka, don na samu dama ina cewa sai wani karo. A je a ga tsofaffi, ni ma zan je. Abin da nake roƙo bai kai haka tsada ba. Tikitin da ka riga ka biya, akwai yaran a cikinsa. Ka zo bakwai, ka matso gaba, ka yi shiru na rabin awa. In ba su yi maka ba, me ka rasa? In sun yi maka, ka tsaya a teburinsu ka sayi wani abu, ka tambayi inda za su kaɗa a gaba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu 'yan zango, ba zan tsallake shi ba. Gidajen nan da cinikin giya suke tsayuwa, wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma na san da yawa cikinmu shi ke hana su shiga, wasu kuma malamansu sun hana su kiɗan gaba ɗaya. Ba ni da ta cewa ga wanda ya tsaya a kan haka, ni ba mai fatawa ba ne. Ni dai ruwana nake saya, kuma da rani in magariba ta faɗo a tsakiyar wasa akwai lungun da nake samu. Maganata da waɗanda suke sauraron kiɗan nan a mota da wurin aiki, suke tura wa juna bidiyonsa, amma ba su taɓa taka ƙafa sun je ba. A wasannin nan biyu, baƙaƙen fatar da na gani zan iya ƙirga su da yatsun hannu. A na Mdou na haɗu da wani bawan Allah ɗan Tawa mai aikin gadi, muka gaisa da Hausa a cikin hayaniyar nan kamar mun shekara da sanin juna. Maƙwabtanmu ne a kan dandamalin, mutanen da kakanninmu suka yi cinikin goro da gishiri da su, amma zauren cike da waɗanda sai an nuna musu Agadas a taswira.

Da na je gida hutun Sallah, na zauna wajen Kawu bayan la'asar, na sa masa bidiyon Mdou a waya. Ido ya yi rauni, sai ya kara wayar a kunne. Ya daɗe bai ce komai ba, ƙafarsa ce kawai ke motsi a cikin silifa.

"Wannan ɗan ina ne?"

Na ce, "Ɗan Nijar ne, Kawu. Buzu ne."

"Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi, Kawu. Kamar daga nan zuwa bakin kwatar can."

Ya miƙo mini wayar, ya ce wa yaron da ke kan gawayi ya ƙara sukari a zagaye na biyu, ya gyara zama a kan benci. Ya ce, "Kai yaro, na taɓa ba ka labarin daren da muka je Black Star?"

Na ce a'a.